Tambaya da Amsa: Wanda nake bi bashi ya karye, wace kotu zan dosa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, kuma na daɗe ina kai wa wani kamfanin matsar mai da ke Sharaɗa waken suya. Idan mota ta sauke, sai su auna su ba ni takardar shaidar karɓar kaya, bayan mako biyu ko uku su turo kuɗi. A kakar bara na kai musu kayan naira miliyan 24, suka biya miliyan 6, daga nan sai a ce gobe, sai a ce jibi. Yanzu an garƙame ƙofar kamfanin, an liƙa takarda cewa wani banki ya naɗa wakilinsa ya karɓe injina da sito saboda bashin da yake bin su. Na kai ƙara kotun shari'ar Musulunci, lauyan kamfanin ya zo ya ce kotun ba ta da hurumi, wani kuma ya ce mini Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke sauraron irin wannan magana. Na sami labarin akwai sauran buhunana a sito da alamata a jikinsu. Mai kamfanin kuwa yana nan cikin gari da gidajensa da motocinsa. Wace kotu zan je? Zan iya kwashe buhunana? Kuma zan iya bin shi mai kamfanin a karan kansa?

Mai karatu daga Dawanau

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya fitar maka da haƙƙinka.

Ƙara iri biyu ce ta cakuɗe maka, kuma kowace da kotunta. Ta farko ita ce ka je ka ce wane ya sayi kayana bai biya ba, a sa shi ya biya. Ta biyu kuwa ita ce ka ce wannan kamfani ya gaza biyan basussukansa, a rusa shi a tattara abin da ya mallaka a raba wa masu bin sa. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya ta biyun, domin ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'ar karayar arziki da duk abin da ya taso daga dokar kamfanoni, saboda haka babu kotun jiha, ta Musulunci ko ta boko, da za ta iya ba da umarnin rusa kamfani. A nan Kano wannan kotu tana kan titin Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi. Amma ƙarar kuɗin ciniki zalla ba tata ba ce, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Onuorah da kamfanin matatar mai ta Kaduna a 2005, inda ta ce saɓanin yarjejeniyar saye da sayarwa na Babbar Kotun Jiha ne ko da ɗaya ɓangaren kamfanin gwamnatin tarayya ne. Ke nan wanda ya ba ka shawara ya faɗi rabin gaskiya. Idan miliyan 18 ɗinka kawai kake nema, Babbar Kotun Jihar Kano za ka dosa, kuma tun da kana riƙe da takardun karɓar kaya, lauyanka zai iya bin gajeriyar hanyar da aka tanada domin bashin da adadinsa ya fito fili, wadda a cikinta sai wanda ake ƙara ya rantse ya nuna yana da wata kariya ta gaske kafin a ba shi damar doguwar shari'a.

Kada ka ɗauki sukar da lauyan nan ya yi a matsayin wasa da hankali kawai. Tun hukuncin Madukolu da Nkemdilim na 1962 ƙa'idar ta zauna cewa duk shari'ar da kotu ta yi ba tare da hurumi ba ɓatacciya ce komai kyawun yadda aka gudanar da ita, kuma ana iya tayar da wannan suka a kowane mataki, har a gaban Kotun Ƙoli bayan an shafe shekaru ana tafka shari'a. Hujjar da lauyoyin kamfanoni suka saba kawowa ita ce kotun shari'ar Musulunci an kafa ta ne domin Musulmi da wanda ya yarda ta yi masa shari'a, kamfani kuwa halittar doka ne, ba shi da addini ko da duk masu shi alhazai ne. Ko alƙali ya yi watsi da sukar, ka sani za a ɗaukaka ƙara a kanta, kuma yayin da kake can kana kare hurumin kotu, wasu suna nan suna raba injina. Shawarata ita ce ka janye ƙarar ka shigar da ita inda babu mai iya tuhumar hurumi, kuma kada ka yi jinkiri, domin a kotunan boko bashin ciniki yana da wa'adin da idan ya wuce ba a saurarensa, shekara biyar ko shida gwargwadon dokar da ke aiki a jiha.

Ƙofar Kotun Tarayya ma a buɗe take gare ka, sai dai ka san abin da kake saye kafin ka biya kuɗin lauya. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta ce idan mai bin bashi ya kai takardar neman biya ofishin kamfani, aka yi mako uku ba a biya shi ba kuma ba a ba shi wani tabbaci da ya gamsar da shi ba, to ana ɗaukar kamfanin ya gaza biyan bashinsa, kuma ana iya neman a rusa shi. Mafi ƙarancin bashin da dokar ta ambata shi ne abin da ya haura naira 200,000, daga baya gyaran da aka sa wa hannu a 2023 ya bar wa hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ikon ƙayyade adadin. Naka dai ya wuce nan nesa. Amma akwai sharaɗi: kada bashin ya zama wanda ake jayayya ta gaskiya a kansa. Idan kamfanin ya ce waken ya zo da danshi ko ƙasa, ko sikeli bai cika ba, kuma ya kawo abin da ya nuna ba ƙirƙirar maganar ya yi ba, kotun za ta kore ka ta ce je ka fara tabbatar da bashin a kotun jiha, kamar yadda Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Air Via da Oriental Airlines a 2004. Abu na biyu, wanda 'yan kasuwa da yawa ba sa ganewa sai bayan sun kashe kuɗi, shi ne ƙarar rusa kamfani ba ta mai shigar da ita ba ce shi kaɗai. Kai ne za ka ɗauki wahalar, amma ranar rabo ba za a fifita ka da ko kwabo a kan sauran masu bin bashi irin naka ba. Wannan ƙara tana da amfani a kan kamfanin da ke da rai, yana da kuɗi, yana taurin bashi, domin tsoron a buga sunansa a jarida kan sa ya biya. Kamfanin da banki ya riga ya garƙame ba shi da sauran abin da zai ji tsoro.

Abin da zai yanke maka ko za ka sami kuɗinka shi ne matsayinka a layin masu bin bashi, kuma gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu, kana kusa da ƙarshe. A gaba akwai wanda aka jinginar wa takamaimiyar kadara, kamar fili ko gini ko injin da aka ambata da sunansa, wanda shi zai sayar ya ɗebi nasa kafin kowa. Akwai kuma wata jinginar da bankuna ke karɓa wadda ke lulluɓe duk abin da ke shiga yana fita a kamfani, irin kayan sito da kuɗin da kamfanin ke bin wasu. A kan irin wannan dukiya doka ta gabatar da wasu basussuka na musamman, wato albashin ma'aikata da kuɗin fanshon da aka cire musu da harajin hukuma, idan sauran dukiyar ba ta isa ta biya su ba. Ga kuma ladan wanda aka naɗa ya yi aikin tattarawa da rabon. Sai bayan duk waɗannan ake waiwayar masu kawo kaya da 'yan kwangila da duk wanda ya ba da bashi bisa amana, su raba ragowar gwargwadon abin da kowa yake bi. Masu hannun jari su ne na ƙarshe. A misali, idan an sayar da komai a kan miliyan 500, banki ya ɗebi 400, ma'aikata da haraji da kuɗin aiki suka cinye 70, saura 30, alhali masu bin bashi irinka suna bin miliyan 300, to naira 10 za ka samu a kowace naira 100, wato miliyan 1 da dubu 800 daga cikin miliyan 18.

Saboda haka aikin farko da ya kamata lauyanka ya yi, tun kafin ya rubuta sammaci, shi ne ya binciki fayil ɗin kamfanin a CAC ya ga ko jinginar bankin tana da ƙafa. Doka ta ce a yi wa irin wannan jingina rajista cikin kwana 90, in ba haka ba ba ta da ƙarfi a kan mai rabon dukiyar kamfani da sauran masu bin bashi, sai bankin ya dawo layi ɗaya da kai. Idan kuma fili ne aka jinginar, sashe na 22 na dokar amfani da ƙasa ta 1978 ya wajabta amincewar gwamna, kuma rashin wannan amincewa ne ya sa wani banki ya rasa jinginarsa a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Ba na so in sa maka rai da yawa, domin bankuna sun koyi darasi kuma da wuya su yi sakaci a nan, amma bincike ne mai araha. A fayil ɗin kuma za a ga ko an sanar da hukumar naɗin wakilin bankin, da iyakar kadarorin da aka ba shi. Shi wannan wakili bashin banki ya zo karɓa, ba naka ba, amma ba shi da ikon yin gwanjon kaya a wulaƙance, kuma duk abin da ya yi rara bayan banki ya ƙoshi na kamfanin ne, daga nan ne kai za ka ci.

Batun buhuna shi ne wanda na san ya fi ci maka rai, kuma amsar ba mai daɗi ba ce. A dokar ciniki da kotunan boko ke bi, idan ka sayar da kaya ka miƙa su, mallaka ta koma hannun mai saye ko bai biya ba, sai fa in an rubuta tun farko cewa kayan naka ne har sai an gama biya. Alamar da ke jikin buhu tana nuna daga inda ya fito ne kawai. Idan ka tura yara da mota suka fasa sito, kai da kake bin bashi za ka koma wanda ake tuhuma da laifi. Hanyar da ta rage ita ce ka duba yadda kayan suka shiga: in akwai waɗanda aka sauke amma ba a auna an karɓa ba, ko waɗanda ka kai ajiya kafin a yi ciniki, waɗannan naka ne, sai lauyanka ya rubuta wa wakilin bankin da hujjoji ya nemi a sake su, in ya ƙi a nemi umarnin kotu kafin a zuba su a injin. Da a ce kamfanin ya karye alhali motarka tana kan hanya, doka ta ba ka ikon ka tsayar da direba ka juyo da kayanka. Nan gaba, layi biyu a jikin takardar kai kaya da ke cewa mallaka ba ta fita daga hannunka sai an biya, tare da sa hannun mai karɓa, suna iya fitar da kai daga wancan dogon layi, musamman idan ka shigar da haƙƙin naka a rajistar jinginar kayan da ake iya ɗauka, wadda dokar 2017 ta kafa a ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya.

Game da mai kamfanin kuwa, ka dubi lambar rajistar da ke saman takardunsu. Idan da BN ta fara, sunan kasuwanci ne kawai, shi da kasuwancin abu ɗaya ne, kuma gidajensa da motocinsa duk suna cikin abin da za a iya kamawa bayan hukunci. Idan da RC ta fara kuma sunan ya ƙare da Limited, kamfanin mutum ne daban a idon doka, ƙa'idar da muka gada daga hukuncin Salomon na Ingila na 1897, kuma bashin kamfani ba bashin mai shi ba ne. Wannan katanga tana da ƙofofi. Idan ya taɓa rubuta maka cewa shi ya tsaya wa bashin, ka kama shi da wannan takarda a kotun jiha. Idan daraktoci sun ci gaba da karɓar kayan mutane da nufin zamba, ko sun ci gaba da cin bashi alhali sun san, ko ya kamata su san, babu makawa kamfanin zai nutse, dokar 2020 ta ba kotu ikon ta sa su biya daga aljihunsu a lokacin rusa kamfanin. Haka nan idan daf da karyewa aka biya wani suruki ko ƙani bashinsa don a fifita shi, ko aka sayar wa na gida kadara a farashin banza, ana iya warware cinikin a dawo da dukiyar cikin abin rabo. Waɗannan ne dalilan da za su iya sa ƙarar rusa kamfani ta biya kuɗin sabulu, kuma ya fi sauƙi ku haɗu ku da yawa masu kai kaya ku ɗauki lauya ɗaya. Idan kuma an taɓa ba ka cek ya dawo babu kuɗi, wannan laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977 mai hukuncin ɗaurin shekara biyu, muddin ka kai shi banki cikin wata uku daga ranar da ke jikinsa.

Lokaci ma yana da tasiri. Naɗin wakilin banki bai hana ka yin ƙarar kamfanin ba, kuma idan ka sami hukunci kana iya neman kotu ta riƙe kuɗin da kamfanin ke da su a wasu bankuna ta miƙa maka. Amma da zarar wani ya shigar da ƙarar rusawa kuma ta yi nasara, duk kamun kadarar da aka yi daga ranar da aka shigar da ita ya ɓaci, kuma bayan umarnin rusawa ba a ci gaba da wata ƙara a kan kamfanin sai da izinin Kotun Tarayya. Haka abin yake idan aka sa kamfanin ƙarƙashin mai riƙon ƙwarya domin a ceto shi, tsarin da dokar 2020 ta shigo da shi, wanda ke ɗaukar shekara guda kuma ana iya tsawaita shi. A irin wannan hali abin da ya rage maka shi ne ka miƙa takardar tabbatar da bashinka da rantsuwa ga wanda aka naɗa, ka halarci taron masu bin bashi, ka jefa ƙuri'arka. Ka tattara takardun karɓar kaya, da na sikeli, da bayanan asusunka da ke nuna miliyan 6 ɗin da suka biya, domin wannan biyan kansa shaida ne cewa sun amince da cinikin.

TAMBAYA

Barista, ina yi maka fatan alheri. Ni mace ce mai sayar da atamfa da leshi daga gida a Gwammaja. Na ba wani mai shago a Kantin Kwari kaya na naira miliyan 2 bashi, ba mu rubuta komai ba sai abin da na sa a littafina. Yanzu ya karye, mu kusan goma muke bin sa. Manya biyu daga cikinmu sun je sun kwashe rabin shagon, ɗaya kuma ya kai shi wurin 'yan sanda ya kwana biyu a tsare har 'yan uwansa suka biya wani abu. Ni ba ni da ƙarfin yin haka. Me shari'ar Musulunci ta ce, kuma kotu za ta iya tilasta a raba daidai?

Mai karatu daga Gwammaja

AMSA

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Abin da manyan nan suka yi bai dace da shari'ar Musulunci ba, bai kuma dace da dokar ƙasa ba.

Malaman Malikiyya sun yi wa wannan babi na taflisi, wato karayar arziki, bayani filla-filla. Idan bashi ya cinye dukiyar mutum, masu bin sa suna da ikon hana shi yin kyauta da ita, da hana shi miƙa wa mutum ɗaya duk abin da ke hannunsa. Idan suka kai wa alƙali, zai hana shi taɓa dukiyar, ya sayar da ita a gabansa, ya gaggauta sayar da abin da ke iya lalacewa, ya jinkirta gida da fili kamar wata biyu don a sami farashi mai kyau, ya bar masa abin ci da sutura shi da iyalinsa, sannan ya raba kuɗin gwargwadon bashin kowa. Bashin da lokacin biyansa bai yi ba ma yana faɗowa nan take ya shiga rabo. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda Sayyidina Umar ya yi shela ga masu bin wani mutumin ƙabilar Juhaina bashi cewa su zo a raba musu dukiyarsa. Idan an ce abin da ya rage a shagon da wanda aka kwashe ya kai miliyan 9, bashi kuma miliyan 30 ne, to kowa naira 30 zai samu a cikin 100, ke naki dubu 600, mai miliyan 10 nasa miliyan 3, ba a duba wanda ya fi baki a kasuwa.

Akwai kuma wani haƙƙi da ya shafe ki kai tsaye. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa wanda ya tarar da kayansa da ainihinsu a wurin mutumin da ya karye, shi ya fi cancanta da su. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce yana da zaɓi, ko ya ɗauki kayansa in ana gane su, ko ya shiga rabo da sauran, amma idan mutuwa mai sayen ya yi to babu wannan fifiko. Mukhtasar na Khalil ya ƙara da cewa haƙƙin yana faɗuwa idan kayan sun sauya, kamar alkamar da aka niƙa ko tufar da aka yanka ko ragon da aka yanka, kuma sauran masu bin bashi suna iya biyan mai kayan kuɗinsa su riƙe kayan idan sun ga ribar hakan. Saboda haka idan turamen atamfarki suna nan a ɗaure yadda kika kai su, kina da hujjar neman su, har waɗanda ke cikin abin da manyan nan suka kwasa, in kin iya nuna naki ne. Wanda aka riga aka sayar ko aka yanka, sai dai ki shiga rabo da kuɗinsa.

Tun da ku duka Musulmi ne kuma mutum kike bi ba kamfani ba, kotun shari'ar Musulunci tana iya sauraron ƙarar bashinki ta yanke hukunci a biya ki. Littafinki shi kaɗai ba ya isa, domin ke kika rubuta shi, amma idan ya yi iƙirari a gaban alƙali magana ta ƙare, idan kuma ya musa, a mazhabar Malik shaida ɗaya adali tare da rantsuwarki yana tabbatar da haƙƙin dukiya. Saƙonnin waya da shaidar tura kuɗi ta banki ma ki adana su, domin dokar shaida ta 2011 ta karɓi irin waɗannan. Akwai kuma kotunan ƙananan basussuka da aka buɗe a Kano a 2019 ƙarƙashin majistare, waɗanda aka tsara su gama shari'a cikin kwana 60 kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Abin da ya fi komai sauƙi shi ne ki tura wani namiji naki da shaidu biyu ya sa shi ya rubuta adadin da kike bin sa ya sa hannu, tun yanzu da yake cikin nadama.

Abin da waɗannan kotuna ba za su iya ba shi ne ayyana shi a hukumance a matsayin wanda ya karye, irin ayyanawar da ke ɗaure duk masu bin sa har waɗanda ba su zo kotu ba. Wannan na Babbar Kotun Tarayya ne a ƙarƙashin dokar karayar arziki ta 1979. Hanyar da aka fi sani ita ce mai bin bashi ya fara samun hukunci, ya kai wa wanda ake bi takardar gargaɗi, in kwana 14 suka wuce bai biya ba sai a shigar da ƙara cikin wata uku. Daga nan dukiyarsa ta koma hannun amintaccen da zai raba, kuma ana iya dawo da abin da ya biya wani don fifita shi cikin wata ukun da suka gabaci ƙarar. Wanda aka ayyana haka ba ya zama daraktan kamfani sai da izinin kotu, kuma tsarin mulki ya hana shi takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa har sai an wanke shi. Sai dai dokar ta tsufa, har yanzu naira 2,000 ne mafi ƙarancin bashin da ta ambata, kuma da wuya ki ga ɗan kasuwa ya bi ta, domin kuɗin lauya da tsawon lokaci za su cinye abin da ake faɗa a kansa. A kan miliyan 2 ba zan tura ki can ba.

Abin da na ga ya fi yi muku aiki shi ne sulhu mai haƙora. Ku ƙananan masu bin bashi ku haɗa kai ku kai magana ga shugabannin kasuwa, a kira kowa har manyan biyun, a ƙirga abin da suka kwasa a sa masa farashi a lissafa shi cikin rabonsu, wanda ya ɗebi fiye da haƙƙinsa ya dawo da rarar. Abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai kotu ko cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jiha a mayar da shi hukunci, yadda wanda ya saɓa za a iya kama kadararsa. Kuna da abin matsa musu lamba, domin ɗibar kayan mutum ba da yardarsa ba kuma ba da umarnin kotu ba laifi ne ko ana bin sa bashi. Shi kuma wanda ya kai shi caji ofis, sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma kotuna sun sha cin tarar 'yan sanda tare da wanda ya kai ƙorafin. Idan bincike ya nuna da gaske babu abin da ya ɓoye, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, kuma malamai sun ce ba a tsare wanda ba shi da komai. Ragowar bashin dai yana nan a wuyansa har ranar da ya samu.

TAMBAYA

Barista, masana'antar da nake aiki a Bompai ta rufe, muna bin albashin wata bakwai, kuma mun gano kuɗin fanshon da ake cire mana ba a zuba su ba. An ce ana shirin rusa kamfanin. Ina za mu kai kuka?

Ma'aikaci daga Dakata

AMSA

Malam, ku kuna da matsayi mafi kyau fiye da masu tambaya biyun da suka gabata. Muddin ba a ba da umarnin rusa kamfanin ba, ƙarar albashi da fansho ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya ba wa hurumin duk rikicin aiki, kuma tana da reshe a nan Kano. Idan an riga an ba da umarnin, sai ku miƙa buƙatarku ga wanda kotu ta naɗa ya raba dukiyar, ku bayyana a rubuce cewa bashinku yana cikin waɗanda sashe na 657 na dokar kamfanoni ya fifita, wato albashi da kuɗin hutun da aka tara da kuɗin fanshon da aka cire. Wannan fifiko yana sa a biya ku kafin masu kawo kaya, amma bai gabatar da ku a kan bankin da ke riƙe da jinginar gini ko injin ba. Kowane ɗayanku ya nemo takardar ɗaukarsa aiki, da takardun albashi na watannin ƙarshe da aka biya, da bayanin asusunsa daga kamfanin da ke kula da fanshonsa wanda zai nuna watan da aka daina zubawa, ku kuma kai ƙorafin fanshon ga hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, domin dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai aiki ya zuba kuɗin cikin kwanakin aiki bakwai daga ranar biyan albashi, kuma ta ɗora masa tara a kan duk watan da ya yi jinkiri.